Babi na Shida: Tsakanin Raɗa da Tsawa

Ranar hawan salla a Garwa, wanda ya tsaya a ƙofar fadar Lamiɗo zai sha sauti har ya ƙoshi. Kakaki na tashi, algaita na kuka, ganguna na amsawa, kofatan dawakai na dukan ƙasa, jama'a na sowa. Da daren ranar, mutumin nan dai zai kwanta a tsakar gida ya ji kukan sauro guda ɗaya a bayan kunnensa. Kunne ɗaya ne ya ɗauki duka biyun, ba tare da an murɗa masa komai ba. Wannan baiwa ce da muka saba da ita har muka daina lura da girmanta, kuma ita ce ta ba injiniyoyin sauti wahala kusan shekara ɗari.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, ma'aunin da injiniyoyin kamfanin tarho na Bell a Amurka suka tsayar a shekarun 1920. Sifili shi ne mafi ƙanƙantar sautin da kunnen lafiyayyen matashi ke iya kamawa. Raɗa tana wajen desibel 30, hira ta yau da kullum tana wajen 60, idan kuwa aka kai 120 kunne ya fara jin zafi ke nan. Sai dai ma'aunin ba na tarawa ba ne, na ninkawa ne: duk ƙarin desibel 10, ƙarfin sautin ya ninka sau goma. Saboda haka daga sifili zuwa 120, ninkin ya kai miliyan sau miliyan.

Babu rediyo, babu kaset, babu lasifikar da ke da wannan faɗi. Kowace na'ura tana da iyaka biyu. Ta ƙasa ita ce shuuu ɗin da take yi ko da babu mai magana, duk sautin da ya gaza shi ya nutse. Ta sama kuwa ita ce inda na'urar ke kasawa, murya ta fashe ta koma gwarangwaran. Abin da ke tsakanin iyakokin nan shi za mu kira tazarar sauti. Tambayar da ta haifi dukan ƙirƙire-ƙirƙiren wannan babi ɗaya ce: ta yaya za a shigar da faffaɗar duniyar kunne cikin ƙuntatacciyar tazarar na'ura, ba tare da an kashe ranta ba?

Dare a kan mita 60

Mutanen arewacin Kamaru sun san wannan matsala da kunnensu tun kafin su ji sunanta. A ƙasashe masu zafi, walƙiyar damina tana cika iska da ƙarar tartsatsi, har matsakaicin zango ya zama da wuyar saurare daga nesa. Shi ya sa a yarjejeniyar rediyo ta duniya aka ware wa yankunanmu wasu zanguna na musamman, wato mita 120 da 90 da 60. A kan mita 60 ɗin, a kilohaz 5010, Rediyon Garwa ya yi shekaru yana magana da Fulatanci da Hausa da Faransanci da sauran harsuna. Tashar ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1950, gab da samun 'yancin Kamaru, ta kuma shiga ƙarƙashin CRTV bayan da aka haɗa rediyo da talabijin na ƙasar a 1987. Muryarta ba ta san kan iyaka ba. Ana kama ta a Yola da Mubi, kuma masu sha'awar farautar tashoshin nesa a Turai sukan kama ta cikin dare.

A Ngaundere kuma, tun daga 1966, ɗakin shirye-shirye na Sawtu Linjiila yana naɗar shirye-shiryen Fulatanci a faifan tef, a aika da su Adis Ababa, tashar cocin Lutheran da ke can ta watso su ta gajeren zango, har zuwa 1977 da gwamnatin sojan Habasha ta karɓe tashar. Dubi irin tafiyar da murya ɗaya ke yi: daga baki zuwa makirufo, zuwa tef, zuwa na'urar watsawa, ta haura sama, ta sauko cikin ƙaramin akwati mai batir a wani ƙauye na gefen Binuwai. A kowane zango akwai abin da ke ragewa.

Duk wanda ya girma da sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, ya san yadda muryar gajeren zango ke tafiya tana dawowa. Dalili shi ne igiyar rediyon takan haura sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa, kuma sashen nan ba ya zama wuri ɗaya. Wani lokaci igiyoyi biyu su iso tare su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna. A rediyoyin farko, mai sauraro sai ya zauna hannunsa na kan maɓalli, yana ƙarawa yana ragewa.

A 1925 wani matashi Ba'amurke, Harold Wheeler, ya samo mafita. Ya sa rediyon ya riƙa auna ƙarfin igiyar da ke shigowa, ya mayar da ma'aunin ga sashen da ke ƙara ƙarfi. In tasha ta zo da ƙarfi, rediyon ya ja baya. In ta raunana, ya ƙara himma. Kafin shekarun 1930 su yi nisa, dabarar ta zama ruwan dare, kuma har yau tana cikin kowane rediyo. Ita ce dalilin da ya sa idan tasha ta dusashe, ba shiru ake ji ba, sai shuuu ya taso: akwatin ya buɗe kunnensa iyakar iyawa yana neman muryar da ta ɓace.

Hannun da ba ya gajiya

Wannan a ɓangaren mai sauraro ke nan. A ɓangaren tasha matsalar ta fi tsanani. Idan sautin da aka tura wa na'urar watsawa ya wuce ƙima, murya ta lalace, ta kuma fantsama cikin zangon maƙwabta. Idan aka rage don gudun haka, mai sanyin murya ya nutse cikin tartsatsi kafin ya kai ƙauye. Da farko mutum ake sawa ya zauna yana murɗawa. Amma bugun ganga yana kaiwa ƙololuwa cikin ɗan ƙanƙanin kaso na daƙiƙa, kafin hannu ya motsa aikin gama ya gama.

A farkon shekarun 1930, injiniyoyin Bell suka sa wata dabara a layin tarhon rediyo da ke tsakanin New York da Landan: a matse murya kafin ta tashi, a buɗe ta bayan ta sauka, don ta yi tafiyarta a saman tartsatsi. A 1937 kamfanin Western Electric ya fitar da samfurin 110A, ɗaya daga cikin na'urorin farko da aka sayar wa gidajen rediyo don tare sautin da ya wuce iyaka. Jim kaɗan bayan haka, gidajen rediyon CBS da NBC na Amurka da kamfanin Bell suka haɗu suka tsara agogon nan mai allura da ake kira VU, wanda duk wanda ya taɓa mallakar babbar rikoda ya ga allurarsa tana rawa tana leƙa ja.

Yadda na'urar matse sauti ke aiki bai fi ƙarfin fahimtar kowa ba. Aikinta irin na makiyayi ne a kan hanyar mashaya: ya tare shanun da suka yi gaba, ya koro na baya, garke ya tafi a dunƙule. Abu huɗu ake gaya mata. Na farko, daga ina za ta fara tarewa. Na biyu, da wane ƙarfi: in an sa ta huɗu bisa ɗaya, sautin da ya haura iyaka da desibel 12 zai fito ya haura da 3 kacal. Na uku, saurin kamawa. Na huɗu, saurin saki. Bayan ta sauko da manyan sautuka, sai a ɗaga komai gaba ɗaya, kuma a nan ne ƙaramar murya ke samun rabonta. Idan aka tsananta matsin har ya zama ba abin da ke wuce iyaka ko kaɗan, ita ce masu sana'ar ke kira limita.

A saurin kamawa da na saki ne gwaninta take. Ɗauki kalangu. Kowane bugu yana da kai, wato tas ɗin da makaɗi ke yi a kan fata, sannan yana da jiki, wato amon da ke biyo baya yana hawa da sauka yayin da makaɗin ke matse tsirkiya a hammata. In na'ura ta yi saurin kamawa fiye da kima, ta cinye kan bugun, kalangu ya zama lis. In ta ɗan jinkirta, tas ɗin ya wuce, ta riƙe jikin, maganar kalangun ta fito sarai. In kuma ta yi gaggawar saki, sai a ji kiɗan yana haki tsakanin bugu da bugu.

Daga ƙarshen shekarun 1950 aka shiga zamanin na'urorin da har yau ake ambata da girmamawa. Rein Narma, ɗan asalin Estoniya, ya ƙera Fairchild 660 da 670, waɗanda aka yi amfani da su a faya-fayan ƙungiyar mawaƙa ta Beatles a Landan. Jim Lawrence ya ƙera LA-2A, wadda ke amfani da haske: sauti ya ƙaru, fitila ta ƙara haske, wani ɗan abu mai jin haske ya rage ƙarfin. Bill Putnam ya fito da 1176 a 1967, mai saurin kamawa ƙwarai. A 1975 Bob Orban ya fitar da Optimod don tashoshin FM, daga baya aka yi na matsakaici da na gajeren zango. A shekarun nan ne kuma aka koyi raba sauti kashi-kashi, kauri daban, tsaka-tsaki daban, siriri daban, a matse kowanne shi kaɗai, don kada bugun babbar ganga ya ja muryar mawaƙi ƙasa. Duk waɗannan yanzu an mayar da su manhaja, suna cikin kwamfutar kowane ƙaramin situdiyo daga Marwa har Kano.

Zamanin kaset

Kaset, wanda Philips ya fito da shi a 1963, ya yi wa yankinmu abin da rediyo bai yi ba: ya ba talaka damar naɗar muryarsa. Wa'azi, karatun Alƙur'ani, waƙoƙin Shata da na Ɗan Maraya, kiɗan garaya da molo, saƙon ɗan ci-rani zuwa gida, duk sun yi yawo a cikinsa. Amma zaren kaset siriri ne kuma a hankali yake tafiya, don haka shuuu ɗinsa yana da yawa. Ray Dolby, wanda ya kafa kamfaninsa a Landan a 1965, ya ɗauko tsohuwar dabarar matsewa da buɗewa ya gyara ta. A tsarinsa na Dolby B na 1968, ana ɗaga ƙananan sautuka sirara lokacin naɗa, a mayar da su ƙasa lokacin saurare, sai shuuu ɗin ya bi su ƙasa da kusan desibel 10. Hikimar Dolby ita ce bai taɓa manyan sautuka ba. Raunana kaɗai ya tallafa.

Ƙananan rikodojin da aka fi saye kuwa suna da nasu mai daidaitawa a ciki, wanda ba ya shawara da kowa. Saka tsohon kaset ɗin tafsiri ka kasa kunne. Muddin malam na magana, komai daidai. Da zarar ya tsaya don alaramma ya ja baƙi, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyun nan sai ka ji duniyar wurin ta taso: ƙugin fanka, tarin wani dattijo, carar zakara, babur na wucewa. Alaramma na buɗe baki, duk su koma. Na'urar ba ta san bambancin magana da hayaniya ba, abin da ta sani kawai kada wuri ya yi shiru. Irin wannan dabara tana cikin wayar da muke aika saƙon murya da ita a yau.

Gasar ƙara

Zuwa nan, duk abin da aka ƙirƙira don ceto ne: a ceci ƙaramar murya daga tartsatsi, a ceci na'ura daga fashewa. Amma akwai wata ɗabi'a ta kunne da 'yan kasuwa suka gano da wuri. In aka kunna wa mutum waƙa ɗaya sau biyu, ta biyun ta ɗara da ɗan ƙarfi, zai ce ta biyun ta fi daɗi. Daga nan tashoshi suka shiga rige-rigen wa zai fi ƙara a kan akwati, masu faya-fayai su ma haka.

Faifan CD ya zo a 1982 da tazarar kusan desibel 96, faɗin da ba a taɓa ba mai sauraro a gida ba. Maimakon a more shi, sai aka cunkushe komai a can sama. Iyakar sama ta sautin kwamfuta ba ta da sassauci, don haka hanyar ƙara ƙarfi ɗaya ce: a aske kawunan sauti, a ɗaga saura. Manhajar L1 ta kamfanin Waves, wadda ta fito a 1994, ta sauƙaƙa yin haka. Abin ya yi ta ƙaruwa har 2008, lokacin da dubban masoyan ƙungiyar Metallica suka sa hannu a takardar koke cewa sabon faifanta ya lalace da matsi.

Ba sai mun je Amurka ba. Yau waƙa a arewacin Kamaru takan bi ta hannun mai tura waƙa a kasuwa, ta shiga memori, a ji ta a lasifikar waya ko a 'yar akwatin bulutut, cikin ƙarar babura. Mai situdiyo ya san haka, ya san kuma za a jera waƙarsa da ta wani, shi ya sa yake matse ta har wuya. Uzurinsa abin fahimta ne, amma asarar tana nan. Mawaƙin gargajiya yana sassauta murya in zai faɗi maganar da ke da nauyi, 'yan amshi su shigo da ƙarfi, kiɗa ya lafa, ya sake tashi. Wannan hawa da sauka shi ne rabin ma'anar. In aka daidaita komai ya zama tsawo ɗaya, waƙar ta yi ƙara amma ba ta motsa zuciya, kuma kunne ya gaji da ita tun ba ta ƙare ba.

A wurin biki abin ya fi fitowa fili. Je ka tsaya bayan mai kayan sauti ka dubi amfilifaya. Akwai wata 'yar jar fitila da aka yi ta don ta ƙifta jefi-jefi, ta ce an kusa iyaka. Sau da yawa za ka tarar tana kunne ɗyam ba ta mutuwa. Maroƙi ya manna makirufo a leɓe, wani daga cikin dangin ango ya zo ya ce a ƙara, aka ƙara. Daga wannan matsayi ba ƙarfi ke ƙaruwa ba, kaushi ne. Amfilifaya tana yanke kan kowace igiya, sautin ya yi tsatsa, ƙananan lasifikoki su yi zafi har su ƙone. Hausawa sun riga sun faɗa: in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Ma'aunin da ya bi kunne

Maganin gasar ya fito ne daga komawa ga kunnen kansa. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin dukan sautuka daidai: ya fi kama na tsaka-tsaki zuwa sirara, inda baƙaƙen magana suke, ya fi yin nauyi ga masu kauri. Ke nan allurar da ke auna ƙololuwar lantarki ba ta faɗin abin da mutum ke ji. A 2006 Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda Kamaru da Najeriya da Nijar da Chadi duk mambobinta ne, ta fitar da ƙa'idar BS.1770. Ita tana tace sauti yadda kunne ke yi, sannan ta ɗauki matsakaicinsa a tsawon shiri gaba ɗaya. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta gina ƙa'idarta ta R128 a kai, ta ce kowane shiri ya tsaya a 23 ƙasa da iyakar sama a kan wannan sabon ma'auni, wanda ake kira LUFS. A shekarar ce kuma Amurka ta yi dokar hana talla ta fi shirin talabijin ƙara. Dandalin Spotify ya zaɓi 14, YouTube ma yana rage abin da ya wuce ƙimarsa.

Sakamakon yana da muhimmanci ga duk matashin da ke haɗa waƙa a Garwa. A irin waɗannan dandali, waƙar da aka matse don ta fi ta kowa ƙara za a sauko da ita daidai da sauran. Ƙarar da aka saya da tsada ta tafi, hawa da saukar da aka sadaukar kuma ba su dawowa. Wadda aka bar ta da numfashinta ita za ta fi fitowa da rai.

Akwai kuma lissafin da ya fi na kasuwa nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. A desibel 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4, a 100 kuwa kimanin minti 20 ne a mako. Ta ce fiye da matasa biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare, kuma a 2022 ta ba wuraren taro shawarar kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Yaran da ke rawa a gaban lasifika, da jaririn da ke goye a bayan uwarsa a wurin kamu, ba su san da wannan lissafi ba. Manya ne ya kamata su sani.

Wanda jinsa ya lalace, tazararsa ce ke ƙuntata: ƙaramin sauti ba ya jinsa, babba kuma yana yi masa zafi kamar kowa ko fiye. Shi ya sa ɗaga murya ga dattijo mai nauyin ji sau da yawa ba ya taimako. A 1973 Edgar Villchur ya nuna cewa matse sauti kashi-kashi zai iya sa irin wannan mutum ya fahimci magana, kuma na'urorin taimaka wa ji na yau a kan wannan tushe suke. Dabarar da ake kurmantar da mutane da ita in an yi ganganci, ita ce ake mayar musu da hira da jikokinsu in an yi ta da ilimi.

Saboda haka aikin da ke gabanmu ba na sayen sababbin kaya ba ne. Yawancin mikisa da manhajojin da ke hannun mutanenmu suna da duk abin da aka ambata a wannan babi, kuma ma'aunin LUFS ana samunsa kyauta. Abin da ake bukata shi ne gidajen rediyonmu, na gwamnati da na al'umma, su amince da ƙima ɗaya, don kada talla ta firgita mai sauraron labarai. Kwamitin masallaci da na coci su nemi wanda ya iya ya saita musu limita sau ɗaya, su karkata lasifika ga jama'ar da ake nufi, su ɗan ja makirufo daga bakin mai magana. Masu situdiyo su koya wa yaransu sauraro kafin murɗawa. Mai biki kuma, in zai ɗauki mai kayan sauti, ya tambaye shi ko baƙi za su iya gaisawa da juna ba tare da ihu ba. Wheeler da Dolby da sauran sun ƙare ƙuruciyarsu suna neman yadda za a ji mai rauni. Amanar da suka bari tana hannun duk wanda aka ba maɓalli, kuma za a san ya riƙe ta idan na sahun baya ya fahimci magana, na sahun gaba kuma ya koma gida da kunnensa lafiya.